Yadda Muka Kai 'Ya'yan Rumbu Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a kasuwar Kunci a tare ni, har mai shayin bakin titi sai da ya riƙe mini kofi ya ce ba zai ba ni ba sai na faɗa masa ko gaskiya ne a can da kiɗa ake binne mutum. Bakina ya gaji. To ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni dai ba yawon buɗe ido na je ba. Manomi ne ni, ina ɗan taɓa saye da sayar da hatsi, kuma kafin wannan tafiya ko Kaduna ban taɓa wucewa ba. Rakiya aka sa ni. Ƙanwata Bilkisu ce take karatun injiniya a birni, digiri na biyu, kuma aikin da ta zaɓa wa kanta shi ne rumbu. Ba na ƙasa ba, ba na kara ba. Zaren rama take saƙawa kamar tabarma, ta shafe shi da wani gam mai warin tsiya, ta naɗa falle bisa falle, wannan zarensa a tsaye, na bisansa a kwance, wani a karkace. In ya bushe sai ya yi tauri kamar ƙwarya, ga shi ba nauyi. Ta ce ɓera ba ya huda shi, gara ba ta cinsa, ruwa ba ya shiga.

Ta yi babba guda a bayan gidanmu, ya fi ni tsawo, kaurin bangonsa bai kai na ɗan yatsana ba. Mutanen garinmu kuwa kun san su, gida na jikin gida, in ka yi tari a gonarka maƙwabci zai ce maka sannu. Kafin a ce me, sun raɗa masa suna bokitin 'yar boko. Baffa Idi, ƙanin mahaifinmu, shi ne kan gaba, don dama tun tana sakandare yake cewa karatun ya isa haka. Baba ne kaɗai ya tsaya mata. Saboda haka da aka sussuke geron bana, sai Baba ya sa aka juye tsabar kaf a cikin rumbun nan, a gaban kowa. Bilkisu ta roƙe shi ta waya ya dakata sai an gwada. Ya ce in ubanta bai yarda da aikinta ba, wa zai yarda? Abincin gidanmu na shekara ke nan, kuma damina ba ta gama tafiya ba.

Gwajin shi ne matsalar. Injin da ake matse irin waɗannan abubuwa a makarantarsu ya lalace, sai malaminta ya haɗa ta da wani abokinsa a wata jami'a a Kumasi. Ta yi ƙanana guda huɗu, kowanne kamar turmi marar gindi, ni nake ce musu 'ya'yan rumbu. Baba ya ce ba za ta tsallake ƙasa uku ita kaɗai ba. Ya dube ni, na dubi ƙasa, magana ta ƙare.

A birni na same ta, muka shiga doguwar motar Legas. Tun a tasha rigima ta fara. Masu lodi suka ce a but ɗin mota za a saka 'ya'yan rumbun, ta ce sai dai a fasa tafiyar. Ƙarshe muka cusa biyu a tsakanin ƙafafunmu, biyu muka rungume a cinya kamar masu goyo. Ba mu wuce Zariya ba na ji "Yaya, kada ka jingina" har ya ishe ni. Na ce mata abin da aka ce zai ɗauki geron shekara, shi ne ba zai jure gwiwar hannuna ba? In haka ne gara mu juya tun ba mu yi nisa ba.

Sai da aka tsaya cin abinci a Lakwaja ta nuna mini. Ta tsinci gwangwanin lemo wanda aka shanye, ta ajiye a ƙasa mai daidai, ta ce in dafa bango in hau da ƙafa ɗaya a hankali. Na hau. Wallahi ya ɗauke ni, ni da nake ɗaga buhu ni kaɗai. Ina cikin murmushi ta durƙusa ta ɗan taɓa gefensa da bakin biro. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba, gwangwani ya zama faifai, fasinjoji suna ta dariya har da wata tsohuwa mai tafi. Ta ce haka duk wani abu mai siffar bututu da siririn bango yake: muddin zagayensa daidai yake zai ɗauki abin mamaki, amma ya ɗan lotsa a wuri ɗaya, nan nauyin zai bi ya karya shi. Na ji kunya, na kuma ji haushi, amma daga nan ban sake jingina ba.

Legas ba zan ce muku na gan ta ba, hayaniyarta kawai na ji. Daga wannan tasha zuwa waccan muka yi, kowa da biyu a hammata, mutane suna tambaya ko mu makaɗa ne. A iyakar Seme ma haka. Jami'in da ya duba mu ya ɗaga ɗaya ya leƙo ni ta cikinsa, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kasa kunne, Bilkisu tana tsaye kamar wadda ake taɓa wa jariri da hannu mai datti. Ta ba shi takardar makaranta, ya karanta, ya dube ta ya sake duban takardar, ya ce ita ce injiniyar? Ya sara mata. Ni kuma ya ce ina katin rigakafina, na lalube aljihu duk babu, sai can na tuna na sa shi a cikin hula don kada ya ɓata.

A Kwatano aka yi mana ɓarnar. Mun sami ƙaramar mota mai zuwa Lome, muka ajiye kayan kusa da ita muka ce wa direba kada ya taɓa, za mu yi salla mu dawo. Shi kuma ya ga zai taimaka. Muna dawowa muka tarar ya ɗora su saman mota ya ɗaure da igiya irin ɗaurin da muka sani, ka taka kaya da ƙafa ka ja da iya ƙarfinka. Uku sun tsira. Na huɗun igiya ta danna masa ciki, ɗan lotso kamar an dangwala babban yatsa a tuwo. Bilkisu ta shafa wurin, idonta ya cika. Ni kuwa na buɗe baki. Tunda na ji Faransanci yake yi, na saki jiki na zage shi tas da Hausa, ban bar komai ba. Da na gama sai ya cire hula ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, ban sani ba ne." Ashe ya yi shekaru yana jigilar albasa da mutanenmu. Har muka isa Lome ban iya haɗa ido da shi a madubi ba.

A Lome na fara ganin teku, tana nan gefen titi kamar ba komai ba. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa sai da ya kankare mini dasashi. Iyakar Gana da ƙafa ake tsallakawa, sai na ɗora biyu a ka kamar mai talla, wasu mata masu ɗaukar kaya suka biyo ni suna dariya wai ina ƙwace musu sana'a. Daga nan Akara, daga Akara Kumasi, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Masaukinmu a Kumasi a Zango ne, unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji Isaka mai fataucin goro, wanda ya ce kakansa daga wajen Tofa ya zo da jaki bai koma ba. Shi bai taɓa ganin Kano ba, amma ya zaunar da ni yana tambayata labarinta kamar wanda ya baro ta bara. Matarsa Hajiya Memuna ta karɓi Bilkisu kamar 'yarta, ta kwashe kwanukan ɗakinta ta ba 'ya'yan rumbu wuri bisa kabad. Da safe aka kawo mana shinkafa da wake, ja wur, wai da ɓawon karan dawa ake dafawa don ya ba da launi. A kai kuma an ɗora taliya, an ɗora garin rogo, ga ƙwai, ga kifi, ga wani baƙin yaji mai mai. Na ce wannan ai abinci huɗu ne suka yi karo a kwano ɗaya. Na cinye na nemi ƙari. Dokunu ne dai ya gagare ni, tuwon masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye, na ɗauka ya lalace ne, na raɗa wa Bilkisu kada ta ci, Hajiya ta ji ta yi dariya har da hawaye.

Gaisuwa ma da tsarinta. In ka shiga taro daga hannun dama kake fara miƙa hannu, ko da na farkon yaro ne, ka bi layi har ƙarshe. Ni na saba in nufi dattijo tukuna, na yi haka sau ɗaya na ga ana kallona. Maganar binne mutum da kiɗa kuwa gaskiya ce, na gani da idona ranar Asabar a bayan layin su Alhaji Isaka. An kafa rumfuna, kowa cikin ja da baƙi, hoton mamacin ya kai girman ƙofa, ana kiɗa ana raba abinci. Aka ce mutumin ya daɗe da rasuwa, yana ajiye a asibiti ana jiran 'ya'yansa su taru. Na ce mu in mutum ya cika da safe, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Alhaji Isaka ya ce su ma a Zango haka suke yi, kuma maƙwabtansu suna mamaki, wai me mamacin ya yi mana muke gaggawar rabuwa da shi.

Ranar gwaji muka tafi jami'a. Abokin malaminta, Dokta Kwaku, gajere ne mai yawan dariya, yana jin 'yar Hausar kasuwa. Injin kuwa faranti biyu ne na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar na matsar man gyaɗa amma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Aka sa na farko a tsakiya, aka ce in koma bayan gilashi. Farantin sama yana saukowa ba ka ma ganin motsinsa. Aka daɗe ba abin da ya faru, lamba kawai take hawa a kwamfuta. Can sai ya fara ƙas-ƙas kamar ana toya gugguru, Bilkisu ta ce gam ne yake saki tsakanin falle da falle. Sai kuma ya buga ƙara guda, na zabura. Cikinsa ya lotsa wuri-wuri ya zagaye, kowane lotso da kusurwa huɗu, fallayen sun rabu kamar ɓawon albasa. Na ɗauka asara aka yi, sai na ga Dokta yana tafa mata. Ashe dama kashe su muka zo yi, abin da ake so a sani shi ne nawa za su ɗauka kafin su mutu. Na biyu ma ya yi ƙoƙari kamar ɗan'uwansa. Na Kwatano kuwa tun ba a je ko'ina ba ya durƙushe, daidai wurin igiyar. Dokta ya ce wannan ya fi sauran amfani a rubutunta, a gode wa direba. Ban fassara wa kowa abin da na ce a zuciyata ba.

Kafin a sa na ƙarshe aka ɗan huta. Dokta yana yi mini bayani, Bilkisu tana mayar mini da Hausa. Ya ce hatsi a rumbu ba turin bango kawai yake yi ba, yana maƙalewa a jikinsa yana jan sa ƙasa, saboda haka bangon yana ɗauke da kaya kamar yadda injin nan yake danna shi. Ni kuma daɗi ya ɗebe ni, na ce bari in nuna masa uban waɗannan. Na fito da waya na buɗe hoton babban rumbun da na ɗauka ranar da aka zuba gero, Baba yana tsaye a gefe ya dafa shi.

Bilkisu ta karɓi wayar ta ja hoton da yatsu ya girma. Ta daɗe tana kallon gindin rumbun.

"Yaya, mene ne wannan a ƙarƙashinsa?"

Na ce duwatsu mana. Ita ta yi masa daɓen siminti ta zaunar da shi a kai, amma bayan ta koma makaranta Baba ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin rumbu zaune a ƙasa ba, danshi zai hau shi. Muka ɗaga shi tun yana wofi, muka jera itace a ƙarƙashin tsakiyarsa, bakinsa kuma ya hau duwatsu kamar kowane rumbu a garinmu. Wannan ko yaro ya san haka ake yi. Ban ga abin faɗa mata a ciki ba, shi ya sa ban faɗa ba.

Ta mayar wa Dokta da Turanci. Dariyarsa ta ɗauke. Ya sa aka samo ƙananan guntayen ƙarfe aka jera a farantin ƙasa da tazara, aka ɗora na ƙarshen a kai. Wannan bai yi ƙas-ƙas mai tsawo ba, bai buga ƙara ba. A hankali kawai ya naɗe a saman kowane guntu, kamar ƙafar wando, tun lambar ba ta kai inda na Kwatano ya kai ba. Ba sai an fassara mini ba. Na nemi kujera na zauna.

A nan tsakar gidan jami'ar ta kira Baba. Ya ce lafiya lau, an yi ruwa mai kyau shekaranjiya, ta kwantar da hankali ta gama aikinta. Ta ce don Allah a kwashe geron nan yau, a sa a buhu a kai ɗaki. Ya ce to. Ni na san wannan "to" ta Baba, ita yake ce wa likita in an hana shi azumi. Muka kira Inna, ita kuma ba ta ce komai a kan rumbu ba, sai dai Allah ya kawo mu lafiya, ta maimaita har sau biyu. Washegari muka yi sallama. Hajiya Memuna ta cika mana leda da soyayyen kifi, Alhaji Isaka ya ba ni ƙullin goro ya ce in kai wa duk wanda na samu a Tofa mai furfura, ya san dai ɗan'uwansa ne. Hanyar dawowa ba abin da zan ce a kanta. Hannunmu babu kaya, amma ta fi ta zuwa nauyi, kuma Bilkisu ko kifin ba ta taɓa ba.

Da la'asar muka iso gida. Ko jaka ba ta ajiye ba ta zagaya baya, na bi ta. Rumbu yana nan tsaye. Amma an yaɓe shi da laka daga ƙasa har ƙugu, sabon yaɓe, an tokare shi da gwafanni, an kuma kewaye da zana ta ɓangaren hanya. Baba ya fito daga zaure yana gyara hula, ya yi mana sannu da zuwa, ya ce ya ga abin ba shi da kyan gani ne shi ya sa ya ɗan yi masa kwalliya.

Bilkisu ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba. Sannan ta ɗauki fartanya ta fara kankare lakar. Bai hana ta ba. A saman dutse na farko bangon ya naɗe, daidai yadda muka gani a Kumasi. Na biyu ma haka. A na uku fallayen sun tsage, ruwa ya shiga, geron wurin ya yi baƙi ya dunƙule, wani har ya fara tsiro. Warinsa ya bugo mu.

Baba ya ce, "Tun ranar ruwan nan na ga ya lotsa. Na ce in na fara kwasa, kafin in cika buhu ɗaya gari ya gama cewa aikinki ya faɗi, ke kuma ba kya nan balle ki kare kanki."

Ta ce, "Baba, ai ya faɗi. Amma na san dalili."

Tana faɗa tana hawaye. Ni ma na juya baya don kada a ga nawa. Kafin nan mutane sun fara leƙowa ta saman zana, don labarin dawowarmu ya riga ya zagaya. Na tashi zan kore su, ta ce in bar su, ta ma sa ni na cire zanar gaba ɗaya. Ta fito da waya tana ɗaukar hoton kowane lotso, tana aunawa, kamar ba a gaban garinsu take ba. Baffa Idi ya iso yana taku ɗaiɗai, ya tsaya ya riƙe ƙugu, na ga bakinsa yana shirin motsi.

Baba ya riga shi. Ya ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji, ya ce, "Idi, yarinya a kan siminti ta ajiye shi. Ni na ɗauke shi na ɗora a dutse, ni na karya shi. Je ka kawo mana buhuna."

Baffa ya juya ya tafi. Da buhunan ya dawo, kuma shi ya riƙe bakinsu muna zubawa har magariba. Geron sama ya tsira. Na ƙasa kuwa ko kaji sai da suka tsittsince shi, kuma ni mai sayar wa mutane hatsi, bana sai na saya wa gidanmu kafin damina ta zagayo.

Da muka gama, Baba ya zauna bisa buhu yana haki, laka duk a gefen rigarsa. Ya kira Bilkisu ta matso, ya tambaye ta ramar kadada nawa za ta isa a yi wani, don yana so ya san gonar da zai ware mata tun yanzu.